Wa ke ƙara ƙarfi, kai ko jarumin?

A wasan Morrowind, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2002, sabon ɗan wasa kan tsaya gaban ɓera ya yi ta kai masa sara da takobi. Ido na ganin takobin na ratsa jikin ɓeran, amma shi ko gezau. Sai an yi da gaske sara ɗaya ya samu. Ba na'ura ce ta lalace ba. A bayan fage wasan lissafi yake yi: ya duba iya riƙon takobin jarumin, ya duba gajiyarsa da sa'arsa, sannan ya jefa ƙuri'a. In jarumin bai ƙware ba, ƙwarewar mai riƙe da hannun gem ba ta tsinana komai. Wanda ya tashi da Mortal Kombat ko God of War zai ce wannan rainin hankali ne, ya ajiye. Wanda ya saba da irin wannan wasa kuwa cewa zai yi ai daidai ne, fursuna ne aka sako yanzu-yanzu, a ina ya koyi takobi?

Duk gardamar da ake tafkawa tsakanin masoya wasannin RPG da masoya wasannin gumurzu, waɗanda 'yan gem ke kira akshin, daga nan ta samo asali. Bayan an shafe awa 20 ana bugawa, wa ya ƙara ƙarfi? A wasan gumurzu kai ne ɗan damben, hannunka ne ke kaiwa, idonka ne ke kaucewa. A RPG kai ubangidan ɗan damben ne: kai ke ciyar da shi, kai ke zaɓa masa abokin karawa, kai ke yanke shawarar inda zai je, amma ƙarfin a jikinsa yake taruwa. Kusan duk wani alheri da duk wani aibi na kowannensu daga wannan bambanci ya tsiro.

Wasan gumurzu ɗan kasuwa ne tun haihuwarsa. An ƙera shi ne domin injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi a shagunan wasa na Japan da Amurka. Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira wa kamfanin Taito a 1978, shi ya shimfiɗa tsarin: dodanni na saukowa, kana harbi, abin na ta ƙara sauri. Saurin nan ma ba da gangan ya fara ba. Injin ne ba shi da ƙarfi, to duk sa'ad da dodannin suka ragu sai aiki ya yi masa sauƙi, ragowar su ƙara gudu. Nishikado ya ga abin ya yi armashi, ya bar shi haka. Buƙatar mai shago a fili take: a gane wasan nan take, a mutu da wuri, a sake jefa kuɗi.

RPG kuwa a kan tebur aka haife shi, ba a cikin inji ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Abokai su zauna, kowa da takardar da aka rubuta ƙarfin jaruminsa da wayonsa da yawan ransa, mutum ɗaya na jan labari, in an zo faɗa a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Ultima da Wizardry suka ɗauko wannan tsari suka sa a kwamfuta a 1981, sannan Yuji Horii ya sauƙaƙa shi ga yaran Japan da Dragon Quest a 1986, da zanen Akira Toriyama, mai Dragon Ball. Final Fantasy ya biyo baya a 1987. Ƙuri'ar da ta hana takobin Morrowind samun ɓera jikanyar wancan ɗan lidon ce.

Babban abin da wasan gumurzu ya fi kowa shi ne gaskiya. Ba ya yi maka ƙarya game da kanka. Yawancin wasannin faɗa na tafiya ne a kan hoto 60 a kowace daƙiƙa, kuma wani bugun ana ba ka hotuna 'yan kaɗan ne kawai ka tare shi. In ka tare, kai ka tare. A Sekiro na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a 2019, akwai wani bos, wato babban abokin gaba, mai suna Genichiro da ke jiran mutum a saman hasumiya. Ba za ka kira aboki ya taya ka ba, kuma yawon kashe ƙananan sojoji ba zai ƙara wa takobinka kaifi ba. Za ka mutu, ka dawo, ka mutu, har wata rana kunnenka ya soma gane kiɗan takubban, hannunka ya riga tunaninka motsi. Ranar da ka kayar da shi, ba wata lamba da ta canja a allo. Wanda ya ɗanɗana wannan ya san dalilin da ya sa mutum ke miƙewa tsaye ya yi ihu shi kaɗai a ɗaki.

Na biyu, ba ya buƙatar tafinta. Wannan ne ya sa a shagunan gem na garuruwanmu ƙwallo da Mortal Kombat suka yi kane-kane. Kuɗin wasa ɗaya ka biya, layi na bayanka, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Yaron da bai iya karanta ko kalma ɗaya ta Turanci ba zai iya lallasa ɗan jami'a da Sub-Zero, ɗaya daga cikin jaruman Mortal Kombat. Haka abin yake yau a waya da Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile: minti kaɗan ka shiga, ka fafata, ka fita. Wasa ne na taro, na tsokana da cika baki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ma shaidar cewa abin da ake koyo a ciki na iya tsallakowa waje, ko da kaɗan ne. A 2003 Shawn Green da Daphne Bavelier na Jami'ar Rochester suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun sa mutanen da ba su saba da gem ba suka buga wasan harbi na Medal of Honor awa ɗaya kullum har kwana 10, wasu kuma suka buga Tetris, sai masu harbin suka fi samun ci gaba wajen lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Wasu masana sun soki yadda aka tsara ire-iren wannan bincike daga baya, don haka kada wani ya ɗauke shi hujjar kwana a kan gem. Lura ce ta ido, ba ilimin lissafi ba.

Sai dai gaskiyar nan tasa ita ce kuma rashin tausayinsa. In hannunka bai kai ba, ƙofa ta rufe, kuɗinka kuma sun tafi. Mutumin da ya haura shekara 40, ko mai lalura a hannu, ko magidancin da ba ya samun sukuni sai rabin awa bayan isha'i, zai iya sayen wasa ya maƙale a bos na biyu har abada. Fitowar Sekiro ta tayar da muhawara mai zafi kan ko ya kamata a sa masa matakin sauƙi. Wasu kamfanoni sun ɗauki wata hanya: Celeste na 2018 ya ba da damar rage saurin wasan, The Last of Us Part II na 2020 kuma ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 domin masu matsalar gani da ji da motsi. A ganina waɗannan ba su rage wa gwanaye komai ba. Wanda ke son wahala ba a hana shi ba.

Labari ma yakan zama ɗan rakiya. Doom na 1993 kusan ba shi da wani zance face ga aljanu nan, harbe su, kuma hakan bai rage masa daɗi ba. Matsalar na fitowa ne in wasan ya nemi a ɗauke shi da muhimmanci. Nathan Drake na jerin Uncharted saurayi ne mai barkwanci da kirki a duk inda ake nuna shi yana magana, amma da zarar an miƙo maka hannu sai ya kashe mutane bila adadin, ya karkaɗe riga ya ci gaba da raha. Abin da hannu ke yi da abin da labari ke faɗa ba sa jituwa, domin kusan harshe ɗaya wasan ya iya: duka.

Wannan ya kawo mu ga abin da iyaye suka fi tambaya, wato zubar da jini. Tsohuwar magana ce. Fille kai da zare laka na Mortal Kombat, wanda ya fito a 1992, na cikin abin da ya sa Majalisar Dattawan Amurka zaman sauraren bahasi a 1993, daga nan aka kafa hukumar ESRB a 1994 mai liƙa wa wasanni alamar shekaru. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai, kamar ihu da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar ɗora musu alhakin aikata ta'asa. Wannan bai sa God of War ya dace da ɗan shekara 9 ba. Alamar shekarun na nan a jikin kwali, sai dai a wajenmu yawanci kwalin ba ya isowa, wasan kawai ake turawa a na'ura.

Ƙarfin RPG ya fara ne daga inda na gumurzu ya tsaya. Tsarin Dragon Quest shi ne duk mai haƙuri zai ga ƙarshen labari. Bos ya fi ƙarfinka? Koma daji ka yi ta faɗa da ƙananan dodanni, ka tara maki da zinariya, ka sayi sulke, ka dawo. Faɗan na karɓa-karɓa ne, ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa, ba mai hanzarta ka. Kana iya ajiye hannu ka je ka yi salla ka dawo ka tarar da dodon na jiranka. Jama'ar Japan sun karɓi abin hannu bibbiyu, har ta kai ranar da Dragon Quest III ya fito a 1988, ranar aiki ce, ɗalibai suka gudu daga makaranta suka bi layin saye, abin da ya sa kamfanin Enix ya koma fitar da na gaba a ƙarshen mako.

Amma inda RPG ya yi zarra da gaske shi ne yadda yake sa mutum ya ɗauki alhaki. A The Witcher 3, wanda CD Projekt Red na ƙasar Polan ya fitar a 2015, jarumi Geralt na haɗuwa da wani basarake mashayi da ake kira Bloody Baron, wanda matarsa da 'yarsa suka gudu. Da farko tausayinsa za ka ji. Sannu a hankali ka gano dukan matar yake yi, ka kuma ji nasa ɓangaren, wanda bai wanke shi ba amma ya hana ka kallonsa a matsayin dodo kawai. Can gaba, a wani wuri da kamar bai shafi zancen ba, za ka tarar da wani ruhi ɗaure a gindin bishiya yana roƙon ka sake shi, yana alkawarin ceto wasu marayu. Ka sake shi, marayun su tsira, amma ya hallaka wani ƙauye, matar ta mutu, basaraken ya rataye kansa. Ka kashe shi, matar ta rayu cikin taɓin hankali, mijin ya tafi da ita neman magani, marayun kuma su salwanta. Ba wanda zai gaya maka wanne ne daidai, kuma sakamakon ba ya bayyana sai an yi nisa. Fim zai iya nuna maka wannan labari, amma ba zai iya sa ka kwana kana tunanin kai ka jawo ba.

Ko a inda babu zaɓi, tsawon zama na haifar da shaƙuwa. Mutuwar Aerith, ɗaya daga cikin 'yan tawagar jarumi a Final Fantasy VII na 1997, ta girgiza mutane ne domin sun shafe awoyi suna rainon ta, suna saya mata makami, suna dogara da ita wajen warkar da tawaga. Da ta tafi, gurbinta ya zauna fanko a jerin 'yan wasa. Disco Elysium na 2019, wanda wasu 'yan Estoniya suka jagoranci ƙirƙirarsa, ya nuna ana iya yin RPG sukutum ba tare da tsarin faɗa irin na al'ada ba: ɗan sanda ne da ya farka bai san ko sunansa ba, sassan tunaninsa na gardama da juna, kuma faɗuwa a ƙuri'a kan buɗe labarin da ya fi na nasara daɗi.

To amma haƙurin nan da RPG ke sakawa a kai, shi ne kuma ƙofar cutarsa. In duk mai naci zai yi nasara, me zai hana kamfani ya tsawaita nacin? Nan ake samun wasan awa 100 da naman cikinsa bai wuce na awa 30 ba. Sauran duk aike ne: je ka kashe kyarkeci goma, kai wa wane wasiƙa, tsinko ganye. Jarumin da aka ce duniya na jiran ya cece ta sai ga shi yana nemo wa wata tsohuwa tukunyarta. Masu talla na alfahari da yawan awoyi kamar tsawo shi ne inganci, masu saye kuma, musamman inda kuɗin wasa ɗaya ya kai dala 70, na auna riba da awa. Kowa na da hujjarsa, amma abin da ake samu shi ne ɗimbin wasannin da aka fara ba a gama ba.

Zaɓin ma sau da yawa ado ne. Kowane reshe na labari kuɗi ne: a rubuta, a ɗauki murya, a zana, alhali rabin masu wasa ba za su taɓa ganinsa ba. Don haka akan raba hanya biyu a sake haɗe su a gaba. Mass Effect na BioWare ya shafe wasanni uku, daga 2007 zuwa 2012, yana alkawarin cewa duk shawararka za ta yi tasiri, sai ƙarshen na ukun ya zo da zaɓi uku da hotunansu suka yi kama da juna in ban da launi. Ƙorafin ya yi yawa har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yunin 2012. Girma kuma na zuwa da tangarɗa. Skyrim na 2011 ya shahara da dawakai masu hawa dutse a tsaye, ana dariya ana wucewa. Cyberpunk 2077 ba abin dariya ba ne: ya fito a Disambar 2020 da matsaloli masu yawa a PlayStation 4, har Sony ya cire shi daga kantinsa, bai dawo ba sai Yunin 2021.

Aibin da ya fi damuna shi ne na lambobi. Ganin sandar maki na cika, ƙarar hawa mataki, sabon takobi mai ƙarin ƙarfi kaɗan, duk waɗannan na ba da jin ana ci gaba ko da ba a koyi komai ba. Abu ne mai kama zuciya, kuma kamfanoni sun gane. World of Warcraft ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010 bisa wannan tsani marar ƙarshe. Genshin Impact na kamfanin miHoYo na China, wanda ya fito a 2020, kyauta ake sauke shi, amma manyan jarumai sai an ja ƙuri'a, damar samun mai tauraro biyar a ja ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100, da alkawarin ba za a wuce ja 90 ba a samu ba. Ana iya tara abin ja ta hanyar wasa, ana kuma iya saye da kuɗi. Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a matsayin caca tun 2018, kuma da wuya mai karatu a nan ya ga sunan da ya fi wannan dacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamu da gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, China kuma tun 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a yawancin makonni.

Yau iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ta kusa shafewa, kuma abin lura shi ne wane kaya aka fi ara. Lambobin ne. GTA San Andreas na 2004, wanda 'yan zamanin PS2 ba za su manta ba, ya sa jaruminsa CJ na ƙiba in ya cika ci, yana murɗewa in ya ɗaga ƙarfe. Call of Duty 4 na 2007 ya cusa hawa matsayi da buɗe bindigogi a wasan intanet, kowa ya kwaikwaya. God of War na 2018 ya cika jaruminsa Kratos da sulke masu lamba. Final Fantasy XVI na 2023 ya bi hanyar a juye, ya zo ba tare da karɓa-karɓa ba, ya ɗauko Ryota Suzuki, wanda ya yi aiki a Devil May Cry 5, ya tsara masa faɗa.

Auren gidajen biyu kan yi kyau, yakan kuma lalace. Assassin's Creed Odyssey na 2018 misali ne na lalacewar: ka lallaɓo ka soka wa soja wuƙa a wuya yana barci, ya miƙe ya bi ka, don kawai matakinsa ya fi naka. Hannunka ya yi daidai, lamba ta ƙi. A kantin cikin wasan kuma ga abin ƙara saurin tara maki na sayarwa a kan kimanin dala 10. Wato an ɗauko jinkirin RPG, sannan aka sa wa maganinsa farashi. Elden Ring na 2022 ya nuna yadda ake yi. Da fitowarka fili akwai wani mahayi mai sulken zinariya da zai murƙushe ka, gaba kaɗan kuma ga wani bos, Margit, ya tare hanya. Gwani na iya tsayawa ya koyi motsinsu ya kayar da su da jarumi marar ƙarfi. Wanda hannunsa bai kai ba ya juya kudu, ya yi yawo, ya ƙara ƙarfi, ya samo ruhohin da za su taya shi, ya dawo. Hanyoyin biyu duk halal ne a wasan, kuma ba wadda ake sayarwa. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, da faɗansa na karɓa-karɓa da ɗan lidonsa a bayyane a allo, ya lashe kyautar wasan shekara ta 2023, abin da ya rufe bakin masu cewa tsohon salon ya mutu.

Ga mai wasa a Kano ko Maraɗi, akwai abin da ke yanke hukunci kafin ɗanɗano ya yi magana. RPG na son na'urarka ta kanka, wurin ajiye inda ka tsaya, wutar da ba za a ɗauke ana tsakiyar kogo ba, da data mai yawa ta saukewa. Wasan harbi na intanet kuma na son sabis mai ƙarfi, domin jinkirin ƙiftawar ido ya isa a kashe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka. Sama da duka akwai harshe. Labarin basaraken nan na The Witcher 3 ba shi da wani amfani ga wanda ke danna maɓalli yana tsallake zance don bai ji ba. Abin da ya rage masa shi ne faɗan, wanda shi ne ɓangaren da wasan ya fi rauni.

An taɓa gwada ƙera irin wannan wasa daga kusa da gida. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan da ya haɗa saurin gumurzu da rainon jarumi. Labarin Enzo ne da matarsa Erine, sarki da sarauniyar Zama, waɗanda ɗan'uwan amaryar ya yi wa juyin mulki ranar bikinsu, kuma ƙarfin Enzo daga kakanninsa yake fitowa. Sun yi aikin ne cikin fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari. Shi ma da Faransanci da Turanci ya fito.